Sunan Da Adawiyya Ba Ta Rubuta Ba

Duk gidan da ke da ƙaramin yaro a Dudunni ya san sallamar Adawiyya matar Sadisu tela. Da damina ta kankama za a gan ta da jaka a kafaɗa da littafi a hannu, tana bi gida-gida tana ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ba ta kuma cin abincin gidan kowa ko da an haɗa ta da Allah. Abu ɗaya mata ke ƙorafi a kanta. In ta tambayi uwa yaranta nawa, aka lissafa mata, ba ta rufe littafin. Sai ta kafe matar da ido ta ce, "Na farin fa?" Wasu su yi dariya su rufe fuska da gefen zane, wasu kuma in ta fita su ce boko ya cinye mata kunya. Masu faɗin haka baƙi ne ko amaren bana, don duk wadda ta zauna a makarantar firamaren garin ranar taron wake ba za ta faɗi wannan magana ba.

A Fakuwa aka haife ta, ta ƙasar Kankiya. Ubanta Malam Manu yana da makarantar allo a zaure da gonar gero a bayan gari. Uwarta Inna Sa'a kuwa mace ce da kunya ta zame mata kamar sana'a. Babban ɗanta yanzu har ya yi furfura a gemu, amma ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "mutumin can." In ya shigo gaishe ta, sai ta juya wa ƙofa baya ta amsa wa bango. A hannun wannan mata Adawiyya ta tashi, ta ga ana yabon uwarta a gidan biki da gidan suna, ana cewa irinsu sun ƙare. Ta ɗauka a ranta cewa haka mace ta gari take: ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta lissafa shi cikin 'ya'yanta, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane.

Ta gama sakandare a Kankiya, da rubutu mai kyau da malamai ke nuna wa 'yan aji. Sadisu ya gan ta a bikin ƙanwarsa, ya yi ta sintiri da babur tsakanin Dudunni da Fakuwa har aka ba shi. Aure ya yi daɗi, sai dai haihuwa ta ƙi zuwa. Shekara shida ana jira. A cikin shekarun ne aka zo neman mace mai iya rubutu da za ta riƙa raba maganin damina, mai unguwa ya ba da sunanta. Aka haɗa ta da Haulatu, wata gajeruwar bazawara mai dariya kamar ana fasa ƙwarya. Haulatu ke jiƙa ƙwaya a cokali ta ɗura wa yaro, Adawiyya ke rubutu a littafi, in sun fito ta sa alli ta rubuta yawan yaran gidan a jikin bangon ƙofa. Haka ta yi shekaru tana ɗaukar 'ya'yan mutane a cinya, tana share musu baki, sannan ta koma ɗakinta inda babu ko wandon yaro a kan igiya.

A shekara ta bakwai Allah ya kawo namiji. Aka sa masa sunan mahaifin Sadisu, mutanen gida suka riƙa ce masa Babba. To, ga shi ɗan fari, ga shi da sunan suruki, sai bakin Adawiyya ya sami makulli biyu. Ko Babban ma ba ta faɗa. A tsakar gida "yaron nan" ne, in ya faɗi ya fasa baki ba ta tashi, sai wata ta ɗauke shi. 'Yan matan yanzu da ke ɗora hoton ɗan fari a waya suna ce masa "rabin raina" sukan yi mata tsiya, ita kuwa surukarta sai ta ce da su, "Ku bar mani ɗiyar mutane, ita kaɗai ta san gidan da ta hito."

Amma a sa labule a ga wata Adawiyya. In ɗaki ya zama daga ita sai shi, sai ta rungume shi ta cusa hancinta a wuyansa ta yi ta shaƙa. Takan ƙirga yatsunsa ta sake ƙirgawa. Da ya fara tafiya, abin wasansa guntun allinta ne, ya bi bangon ɗaki yana zane, ita kuma ba ta taɓa gogewa ba. Son da take yi wa yaron nan har tsoro yake ba ta. Sadisu kaɗai ya sani, shi ma don ya taɓa shigowa ba sallama ya same ta tana yi masa rawa.

Shekarar da yaron ya doshi biyu, sai ga masu bincike sun zo da wata tambaya. An saba ba da maganin sau huɗu, wata-wata, a tsaya in ruwa ya ɗauke. Su kuma suna so su gani ko ƙarin zagaye na biyar zai rage zazzaɓin da ke kama yara lokacin kaka, don sauro ba ya tafiya ranar da ruwa ya tafi, kududdufai na nan cike. Aka tara masu unguwanni na Kusada da Kankiya, aka rubuta sunayen ƙauyuka a takardu, aka nannaɗe aka zuba a hula. Wanda ƙuri'a ta faɗa masa zai sami na biyar, wanda ba ta faɗa masa ba zai tsaya a huɗu yadda aka saba, a ƙarshe a gwada ɓangarorin biyu. Dudunni ta samu, Fakuwa ba ta samu ba. Aka ce kafin komai sai an yi wa kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar rijista da cikakken sunansa da na uwarsa.

Kwana tara Adawiyya da Haulatu suna wannan aiki. Yara ɗari biyu da goma sha huɗu ta rubuta, ba gogewa ko ɗaya. Gidansu ne na ƙarshe. Surukarta na zaune bakin murhu, matan yayyen Sadisu biyu suka jero nasu yaran, ta rubuta guda biyar. Babba na riƙe da gefen hijabinta yana miƙa hannu a ba shi alli. Ta ɗora biro a layi na gaba. Sunan da za ta rubuta na surukinta ne, a gefensa kuma an bar gurbin sunan uwa, inda za ta sa nata da hannunta, ta kuma karanta da ƙarfi don a tabbatar, yadda ake yi a kowane gida. Ta ji idon tsohuwar a kanta. Hannunta ya ƙi tafiya.

"Kin gama?" in ji Haulatu, tana ɗaure jaka.

"Na gama."

Ta fita ta rubuta biyar a bangon ƙofa. A ranta ta ce ai ba komai, maganin a jakarta yake kwana, wa zai hana ta ba shi? Haka kuwa aka yi a zagaye huɗu na farko. Kullum akan sami ragowa, takan shiga ɗaki ta jiƙa masa ta ba shi, ya yamutsa fuska ya haɗiye. Damina ta wuce ko ciwon kai bai yi ba.

Na biyar ne ya zo da wani tsari. Da suka je karɓar kaya a Kusada, sai suka tarar kowane magani an sa shi a ambulan ɗinsa, da sunan yaro da lambarsa a baya. Malam Abdulmannan, jami'in da ke kula da masu rabon, ya tsaya gaban mutum ashirin da wani abu, maza da mata, ya ce wannan karon ba ragowa. Yaron da ba a samu ba, a dawo da ambulan ɗinsa a rufe, don in aka ba wanda ba shi ba lissafin binciken ya lalace. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Akwai wanda ya san an tsallake wani yaro a rijista? Ya faɗa yanzu a ƙara shi."

Kalma biyar kawai ake nema, Adawiyya ta ce akwai ɗana ban rubuta ba. A cikin mazan da ke wurin akwai ƙanin surukarta, akwai wanda ya yi karatu a zauren ubanta. Ta buɗe baki, ta ji kunya ta taso mata tun daga ƙafa. Kafin ta haɗiye yawu wani ya ce babu, kowa ya ce babu, Malam Abdulmannan ya rufe fayil. A hanya ta yi ta lallashin kanta: ruwa ya ɗauke, yaron ya sha huɗu, yaran Fakuwa ma duka huɗu za su sha, kuma ba a ce za su mutu ba.

An sami ambulan ɗaya da ya rage, na wata yarinya da aka tafi da ita Kano. Yini guda yana cikin jakarta. Ta fito da shi ta duba ya fi sau goma, Babba na wasa a gabanta. Shekarunsu ɗaya da yarinyar, ƙwayar iri ɗaya ce. Amma an ce amana ce, ita kuma tunda ta fara aikin nan ba a taɓa kama ta da ko ƙwaya ɗaya ba. Washegari ta mayar da shi a rufe, Malam Abdulmannan har ya yaba mata a gaban mutane.

A satin ne Inna Sa'a ta zo ɗaukar yaye. An gama yankan gero, yaro ya shekara biyu saura wata biyu, lokaci ya yi da za a kai shi wurin kaka ya manta nono. Aka goya shi a bayan tsohuwar, aka hau babur. Yana waiwaye yana miƙo hannu, Adawiyya kuwa tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba, don uwar ɗan fari ba ta rakiya. Sai da ƙarar babur ta ɓace ta shiga ɗaki ta zauna gaban zanen allinsa.

Kwana goma sha shida da tafiyarsa aka yi wa Sadisu waya da hantsi, aka ce jikin Babba da ɗan zafi. Ya faɗa a tsakar gida. Adawiyya na daka, ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta ci gaba da dakanta, alhali taɓaryar ma ba ta ganin ta sosai. Ita da ta san zazzaɓin nan fiye da kowa a gidan, ita da ke gaya wa mata kada su bari ya kwana, ta kasa cewa a kai ta. Ta jira surukarta ta ce a je, surukar kuma ta ce zafin yaye ne, kowane yaro na yi. Washegari da azahar aka sake kira, aka ce yana jijjiga. A nan ne ta yar da komai, ta fita ko takalmi ba ta tsaya nema ba, Sadisu ya bi ta da babur.

Sun tarar da shi a cinyar Inna Sa'a, idanu sun kafe, tafin hannunsa fari fat. Ta karɓe shi, karo na farko da ta ɗauke shi a gaban uwarta. Suka kama hanyar asibiti a Kankiya, yana tsakaninta da bayan Sadisu. Ana hango gari ta ji jikinsa ya saki. Ba ta ce a tsaya ba, sai da suka isa ma'aikaciyar jinya ta duba ta girgiza kai.

A wurin zaman makoki mata suka yi ta yaba haƙurinta, wai ko hawaye ba a gani ba, ɗiyar Sa'a ce da gaske. Wannan yabo ya fi mata zagi ciwo. Ta koma Dudunni, kullum in za ta fita ko za ta shigo sai ta wuce biyar ɗin nan da ta sake rubutawa a bango a zagayen ƙarshe, ga shi ba ruwan sama da zai wanke. Ba ta gaya wa kowa ba, har Sadisu. Tambaya ɗaya ce ke cin ta tana hana ta abinci: da ya sha na biyar ɗin, da yana nan?

Ana gab da shuka masu binciken suka dawo su faɗi abin da suka gano. Aka tara mata a wani aji na makarantar firamare, aka shimfiɗa tabarmi. Shugabarsu, Likita Safiyya, mace ce mai sanyin murya. Ba ta zo da allo ko na'ura ba, faifai biyu ta sa aka kawo da kwanon wake. Ta ƙirga ɗari a wannan, ɗari a wancan.

"Wannan faifan yaran ƙauyukan da suka tsaya a huɗu ne," in ji ta. "A cikin kowane ɗari, goma sha biyu sun yi zazzaɓin da gwajin jini ya tabbatar, a wata biyun kaka." Ta ware goma sha biyu gefe. "Wannan kuma naku ne, masu biyar. A cikin ɗari, shida." Ta ware shida. "Kun ga an rage rabi ke nan. In aka ba yara goma sha bakwai, an kare ɗaya daga kwanciya. Kuma a rijistar Dudunni, cikin yara ɗari biyu da goma sha huɗu, ba mu rasa ko ɗaya ba."

Aji ya ɗauki guɗa. Haulatu ta daki kafaɗar Adawiyya tana cewa aikinmu ne wannan. Adawiyya kuwa faifan kawai take kallo. Yaronta ba ya cikin na Dudunni, don ba ta rubuta shi ba. Ba ya cikin na Fakuwa, don baƙo ne ya zo bayan an rufe rijista. An ƙirga yaran ƙasar nan kaf, an ware masu lafiya da marasa lafiya, shi ko a cikin matattu babu shi. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Likita, ina da tambaya." Kowa ya juyo, don ba a saba jin muryarta a taro ba. "Yaron da bai sha na biyar ba, zazzaɓin ya kama shi ya rasu. Da ya sha, da shina nan da rai?"

Likita Safiyya ta dube ta. Sannan ta jawo wake goma sha biyun nan ta raba su gida biyu. "'Yar'uwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Cikin goma sha biyun nan, shida da sun sha da ba su kwanta ba. Shida kuma ko sun sha sai sun kwanta. Abin da lissafinmu ya sani ke nan. Yana magana a kan yara ɗari, ba ya iya magana a kan yaro ɗaya."

"To shi a wane shidan yake?"

"Ban sani ba. Babu wanda zai iya sani, sai Allah."

Wata shida tana jiran wannan amsa. Da an ce mata ko ya sha zai tafi, da ta samu ta yi barci. Da an ce ita ta kashe shi, da ta san abin da za ta roƙi gafara a kai. Sai aka miƙo mata rabi da rabi, abin da ba ta da inda za ta ajiye shi har ta mutu. Ta dubi waken, duk iri ɗaya, ba wanda ya fi wani fari.

"Yaron na wane gari ne?" in ji likitar a hankali.

"Na nan ne. Ranar rijista shina nan, riƙe da hijabina. Ni ce ban rubuta shi ba."

Haulatu ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Adawiyya, Babba? Ba ki sa shi ba?" Surukarta da ke jikin bango ta sunkuyar da kai. Mata da yawa a ajin suka daina kallon juna, don ba ita kaɗai ce ta taɓa lissafa 'ya'yanta ta fara daga na biyu ba.

Likita Safiyya ta ce wa Malam Abdulmannan ya miƙo littafin Dudunni. Ta ce yaron da ke garin ranar rijista na garin ne, ko ya sha ko bai sha ba, kuma za ta rubuta wa na sama da ita cewa maganar ba a rasa kowa ba kuskure ce, an rasa ɗaya. Ta buɗe shafin ƙarshe, inda kyakkyawan rubutun Adawiyya ya tsaya a ɗari biyu da goma sha huɗu. Da alama ta san al'adar, don sai ta miƙa mata biro ta ce, "Ba sai kin faɗa ba, rubuta da kanki."

Adawiyya ba ta karɓa ba. "Ki rubuta, ni zan faɗa."

Haulatu ta yi sauri za ta faɗa a madadinta, ta ɗaga mata hannu. Ta tsaya a tsakiyar aji, gaban surukarta da matan gari. Shekara biyu saura wata biyu yaron ya yi a duniya, yana juyowa in kowa ya kira shi, bai taɓa jin sunansa a muryar uwarsa ba.

"Ɗalha," ta ce. Ta sake ɗaga murya yadda na bayan aji za su ji. "Sunanshi Ɗalha. Ɗalha Sadisu."

Likitar ta rubuta. "Sunan uwa?"

"Adawiyya. Ɗana ne. Shi ne na farina, kuma ba ni da wani."

Sai a lokacin kukan ya zo, irin wanda ba a yi a gidan makoki ba. Ta durƙusa gaban faifan tana kiran sunan, tana sake kira, kamar yana bayan ƙofa ne zai shigo da guntun alli a hannu. Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri.